Ƙananan jiragen ƙasa na gidan tarihin York: a ba da kafin alƙalami ko a jira?

Dan_Loko:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar ƙananan kwaikwayon jiragen ƙasa na Ingila masu tafiya da lantarki. Gidan tarihin jiragen ƙasa na York yana sayar da wasu kawunan jirgi a ma'aunin OO, wato an rage girman jirgin na ainihi sau 76, da sunan Locomotion Models, ana cewa ƙididdigaggu ne, in sun ƙare shi ke nan. Wasu ma sai an ba da kafin alƙalami tun ba a ƙera su ba. Shin kuɗin da ake zubawa yana da dalili? Gaskiya ne darajarsu ba ta faɗuwa? Kuma wanda ke Kano ta ina zai ɓullo wa sayen?

Malam_Sigina:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da duba abin da aka rubuta a jikin kwalin, don kalmomi biyu ne mutane ke cakuɗawa. In an rubuta Limited Edition, to adadi aka ƙayyade, galibi ɗari biyar da 'yan kai ko ƙasa da haka, kuma yakan zo da satifiket mai lamba. In kuwa Exclusive Edition aka rubuta, ma'anarsa kawai ba mai sayar da shi sai su. Ba su yi maka alkawarin ba za su sake bugawa ba. Yawancin masu cizon yatsa a nan suka zame.

Gidan tarihin ba shi ke ƙerawa ba. Yana ba kamfanoni kwangila, kamar Bachmann da Rapido Trains da Dapol, su kuma a Caina ake yi musu aikin. Abin da gidan tarihin ke da shi wanda babu a wurin kowa shi ne jirgin na ainihi yana tsaye a zaurensa, ko a York ko a reshensu na Shildon. Ana zuwa a auna shi da na'urar leza, a duba launin fenti da ido, a ƙirga ƙusoshi. Shi ya sa jerin da suke kira National Collection in Miniature ke fitowa yadda jirgin yake a yau, sau da yawa da fenti mai sheƙi, ba yadda yake a zamanin aiki da toka da baƙin mai ba.

Hajiya_Tarago:
Malam_Sigina ya faɗi gaskiya, ga misalai. City of Truro, wanda aka ƙera a 1903, Bachmann ta fara yi wa gidan tarihin shi kaɗai. Daga baya aka ɗauki wannan ƙarfen zubin aka fitar da 'yan'uwansa irin su City of Bath da City of London a kasuwar kowa da kowa. Haka Midland Compound mai lamba 1000, haka Atlantic na kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern Railway mai lamba 251. Shi ma Deltic na farko, shuɗin nan na English Electric na 1955, ba sau ɗaya aka buga shi ba. Dalili a fili yake: sassaƙa ƙarfen zubin roba shi ne ke cin mafi yawan kuɗin aikin, ba kamfanin da zai kashe wannan dukiya ya buga ɗari biyar ya rufe. Abin da aka ƙayyade shi ne wannan lamba da wannan fenti da wannan kwali, ba siffar jirgin ba.

BabanKhalifa:
Ke nan Hajiya, maganar ajiye su don riba ba ta taso ba?

Hajiya_Tarago:
Ba ta taso a matsayin jari ba, Baban Khalifa. Farashi yakan hau a watannin da kaya suka ƙare, ya sauko ranar da aka sanar da sabon bugu, musamman in sabon ya zo da ingantaccen inji ko wurin lasifika.

Injiniya_Zariya:
Ni ban yarda gaba ɗaya ba, Hajiya. Akwai bambanci tsakanin jirgin da ke da 'yan'uwa da wanda shi kaɗai ne. Mallard da Flying Scotsman, Hornby na yin su shekara da shekaru, ko yaushe ka nema za ka samu, ba dalilin gaggawa. Amma ɗauki jirgin gwaji APT-E da Rapido ta yi: na ainihin guda ɗaya tak aka taɓa ƙerawa, mai injin gas, ya kai mil 152.3 a sa'a a 1975, yana Shildon yanzu. Ko Stirling Single lamba 1 na 1870 mai ƙatuwar ƙafa, wato taya, da faɗinta ya kai ƙafa 8 da inci 1, wanda shi kaɗai ya rage a ajinsa. Irin waɗannan tsakanin bugu da bugu ana iya ɗaukar shekaru. Wanda yake son su da gaske, kafin alƙalami ya fi masa sauƙi a kan ya je neman na hannu a eBay.

Malam_Sigina:
Wannan gyara ne mai kyau, Injiniya, na karɓa. Sai dai a san tsawon jiran. Bayan sanarwa akwai zanen kwamfuta, sai samfurin farko marar fenti da ake gwada tafiyarsa, sai samfurin fenti, sai ƙira, sai jirgin ruwa daga Caina. Shekara ɗaya da rabi zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Kafin ka biya ka karanta abu uku: ko ana mayar da kafin alƙalami in ka fasa, ko farashin da aka faɗa tabbatacce ne ko kintace, da kuma kwana nawa za su ba ka ka cika kuɗin in kaya sun iso. Na ƙarshen nan shi ke kayar da mutanenmu. Wasiƙar cikon kuɗi ta shiga akwatin tarkacen imel, ko katin da aka yi rajista da shi ya ƙare aiki, sai a ba na bayanka a layi.

Yar_Tasha:
Ƙari a kan haka, farashin da fam yake. Abin da za ka cika da naira bayan shekara biyu ba shi ne lissafin yau ba. Wanda ke da asusun kuɗin waje ya ware cikon tun ranar da ya yi oda.

Auwal_Manchester:
Batun haraji, Dan_Loko. Farashin da kake gani a shafin Birtaniya akwai VAT na kashi 20 a ciki. In mai sayarwa ne ya aika kai tsaye zuwa Nijeriya, ana iya cire shi. In ka ba da adireshin ɗan'uwa a Ingila ko na masu kago, to ka biya shi ke nan, kuma tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi VAT a filin jirgin sama. Kafin komai ka rubuta musu ka tambaya ko suna aikawa Nijeriya da kuma kamfanin da suke amfani da shi.

BabanKhalifa:
Wato na fam 240 zai dawo 192.

Auwal_Manchester:
A'a Yallaɓai, 200 zai dawo. Harajin a kan 200 aka ɗora shi, saboda haka rabawa ake yi da 1.2, ba cire kashi 20 ba. Sannan a can gida akwai kuɗin kwastan da VAT ɗinmu na kashi 7.5 da ladan kamfanin aike, kuma har da kuɗin dako ake lissafawa. Sau da yawa ragin da ka samu can, nan yake komawa. Kada a rage farashi a takardar kaya don gudun kwastan, domin in kwalin ya ɓata ko ya murƙushe, abin da aka rubuta shi inshora za ta biya.

Gwanin_Waya:
Ana ta maganar kuɗi, ba a taɓo inda aka fi asara ba, wato zaɓen nau'in lantarki. Kowane kan jirgi yakan zo iri biyu ko uku. DCC tsari ne na aika wa jirgi umarni ta cikin layi, dikoda kuma ita ce 'yar na'urar da ke karɓar umarnin a cikin jirgin. DCC Ready na nufin ba dikoda a ciki, soket ne kawai da toshiyarsa, yana tafiya da wutar DC ta bolt 12. DCC Fitted akwai dikoda. DCC Sound akwai dikoda da lasifika. Wanda ya ɗora na farkon a kan layin DCC zai ji yana ƙugi a tsaye, domin layin DCC kullum akwai wuta kimanin bolt 14 zuwa 16 a kansa ko jirgi ba ya motsi, kuma in aka bar shi injin ƙonewa zai yi. Akasin haka ba laifi: mai dikoda yakan tafi a kan DC in ba a kashe wannan damar a gurbin saitin dikoda mai suna CV29 ba, sai dai ba zai motsa ba sai an murɗa kwanturola sosai, kuma yawancin sautukan ba za ka iya kiransu ba.

Soket ma iri-iri ne: mai fil 8, mai fil 21, Next18, da PluX22. Ba sa shiga juna. Ka duba takardar jirgin kafin ka sayi dikoda. Mai fil 21 ana iya kifa shi a juye, a lura da gurbin fil ɗin da aka toshe, shi ne alama. Sabuwar dikoda adireshinta 3. In saituna suka rikice, rubuta 8 a CV8 yana mayar da yawancinsu yadda suka fito daga kamfani, kamar na kamfanonin ESU da Zimo, amma a duba takardar kowacce.

Shawarata ga wanda ke nesa: in kana son sauti, ka saye shi da sautinsa daga farko. Buɗe jikin jirgi mai siraran bututu don saka lasifika shi ne lokacin da ake karya abin da ba shi da sifiya.

Bakanike_Fagge:
Gwanin_Waya, ka manta da ƙananan injunan nan marasa ƙarfen tsakiya da ake sa wa sababbin jirage masu siririn tukunya. Ba sa shiri da tsofaffin kwanturola masu bugun wuta, kuma na'urar share layi ta lantarki tana kashe su, tana kashe dikoda ma. Soket ɗin bango dai ɗaya ne da namu, mai baki uku, bolt 230, ba a buƙatar taransifoma. Matsalar ita ce hawa da saukar wuta da lokacin juyawa zuwa janareta. A jona ta sitabilaiza ko infata mai tsaftatacciyar wuta, a zare fulogi in an gama.

Dan_Loko:
Allah ya saka da alheri. To in kwalin ya iso, me za a fara yi? Wasu na cewa kada ma a buɗe.

Bakanike_Fagge:
Buɗe shi ranar da ya iso, ɗan'uwa, kana ɗaukar bidiyo tun daga yanke salatif. Ɗaga shi ta gindi, ba ta tukunya ba, saboda ƙarfunan riƙo sirara ne kamar allura. Girgiza robar kwalin a hankali a kan farin ƙyalle, duk abin da ya ɓalle a hanya nan zai faɗo. Duba sandunan da ke haɗa ƙafafu, ko akwai wadda ta lanƙwashe ko ƙusar da ta kwance. Duba 'yan siraran tagullan da ke shafar bayan ƙafa, su ke ɗaukar wuta, kowanne ya taɓa. Auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa, ta kasance wajen milimita 14.4 zuwa 14.5. In ta gaza haka zai riƙa tsalle a wurin canjin layi.

Sai horo: minti 30 gaba, minti 30 baya, matsakaicin gudu, ba tarago ko ɗaya. Saurara. Ƙara mai maimaituwa sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, ko ɗingishi a ƙaramin gudu, alama ce ta ƙafafun ba su daidaita da juna ba ko haƙorin giya ya tsage. Wannan ba ya warkewa da horo, komawa yake yi.

Auwal_Manchester:
Kuma lokaci na gudu. Dokar Birtaniya ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa, da kwana 30 ya mayar da abin da ya zo da aibi. In kayan suka zauna wata biyu a gidan ɗan'uwa a Landan ana jiran mai tafiya Kano, wa'adin ya wuce. Wanda zai karɓa a can ya gwada shi a can, ko da a kan layi mai tsawon mita ɗaya ne da batir mai bolt 9, in DCC Ready ne.

Hajiya_Tarago:
Masu cewa kada a buɗe su sani, kwali ba ya tsare jirgi daga lalacewa. Girisin da aka sa a kamfani yana daskarewa bayan shekaru ya zama kamar kakide, injin ya kasa juya giya ya ɗau zafi. Soso da robar kwali suna iya mannewa da fenti in zafi ya yi yawa, shi ya sa ba a jefar da siririyar ledar da ke naɗe da jirgin. Sannan akwai ciwon ƙarfen zubi: gindin jirgin da gaurayen zinki ake yi, in aka samu gurɓacin dalma a wurin narkawa, bayan shekaru sai ya kumbura ya tsattsage har ya fasa jikin roba. Ba shi da magani, kuma laima na hanzarta shi. Wanda bai taɓa buɗewa ba ba zai sani ba sai ranar sayarwa. A fito da shi ko sau biyu a shekara ya zaga na minti goma.

Yar_Tasha:
A yanayinmu ƙura ce babbar abokiyar gaba, Hajiya, musamman da hunturu. Tana haɗuwa da mai ta zama kamar garin goge ƙarfe a cikin giya. Kabad mai gilashi da ke rufuwa sosai, nesa da taga, don rana tana kashe jan fenti da shuɗi. Kada a ajiye a ɗakin da rufin kwano ke gasawa ko a bar shi cikin mota da rana, jikin tarago yana lanƙwashewa. Da damina a sa ƙunshin silika a kwali. Waɗanda ke da zoben roba a ƙafa don ƙarin riƙo, zafi na busar da zoben, a sayi na canji tun jirgin yana kasuwa.

Mai kuwa, na ƙananan jirage kaɗai wanda ba ya cin roba, ɗigo ɗaya a bakin allura. Ban da WD-40, ban da man inji. Share ƙafafu da layi da sinadarin isopropyl a auduga mai tsinke, ba da sanfefa ba, domin tana karce layi datti ya samu wurin zama.

Dattijon_Kafanchan:
'Ya'yana, ku ba ni dama in karkata kaɗan. Jiragenmu na tururi da yawa daga Birtaniya suka zo, irin River masu tsarin ƙafa 2-8-2, kuma dogo ya iso Kano tun 1911. Me ya sa ba za a sayi ɗaya daga na gidan tarihin nan a yi masa fentin namu ba?

Injiniya_Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ma'aunin ne ba zai ba da ba. Tsohon layinmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, milimita 1067, na Ingila kuwa 1435. OO milimita 4 ne a madadin kowace ƙafa, wato 1:76, a kan layi mai faɗin milimita 16.5. In za a yi namu a wannan ma'auni, layin milimita 14 ake buƙata. Masu yin jiragen irin faɗin layinmu sukan bi ɗayan hanya biyu: 1:87 a kan layin milimita 12, ko 1:64 a kan layin 16.5. Sannan siffar ta bambanta, namu na da babbar fitila a goshi da mahaɗi guda a tsakiya, na Ingila na da faifan karo biyu. Kuma Baba, ranar da aka goge fentin ƙididdigaggen jirgi, satifiket ɗinsa ya zama takarda kawai. In gyaran fuska za a yi, a nemi na hannu mai araha.

Dattijon_Kafanchan:
Na gamsu, Injiniya. Allah ya yi albarka.

Gwanin_Waya:
Tunda an taɓo ma'auni: OO da HO, wato ma'aunin 1:87, layinsu ɗaya, 16.5, amma jikin OO ya fi girma, in ka jera su za ka gani. Ga kuma batun kwana. A tsarin Hornby, in aka auna daga tsakiyar da'ira zuwa layi, kwana ta farko milimita 371 ce, ta biyu 438, ta uku 505, ta huɗu 572. Kusan duk waɗannan jirage na gidan tarihi ta biyu ce mafi ƙanƙantar da suke ɗauka. Filawud na kasuwa mai ƙafa 8 da 4, wato 2440 da 1220, yana ɗaukar ta biyu da ta uku a sake. Ta huɗu tana shiga amma a bakin katako take, jirgi in ya kauce sai ƙasa. A sayi layin nikel, na ƙarfe tsatsa yake yi.

Malam_Sigina:
Nan ne batun 'yar ledar kayan ƙawa ke shigowa. A ciki akwai matakalar gaba, bututun birki, bututun zubar da ruwan silinda, wani lokaci da allon suna na tagulla. Matakala da bututun silinda in ka manna su, ƙananan ƙafafun gaba ba za su samu wurin juyawa a kwana ta biyu ba, jirgin zai sauka. Na kabad ne. Allon suna kuma kada a kusance shi da sufagulu, tururinsa yana barin farin hazo a kan fenti mai sheƙi wanda ba ya gogewa. Ɗan ɗigon farin gam na katako ko banish ya isa, kuma ana iya cirewa. Mai tunanin sayarwa wata rana ya bar ledar a rufe.

BabanKhalifa:
In mutum ya makara sai na hannu fa, me zai tambaya?

Hajiya_Tarago:
Hoton satifiket da lambarsa in mai satifiket ne, rigar kwali ta waje, takardar umarni, ledar kayan ƙawa, hoton gindin jirgi kusa-kusa don ganin tsaga da dattin ƙafa, da bidiyon tafiya a hankali gaba da baya. Tambayi wane bugu ne, lambar kaya a gefen kwali ita ke nunawa. In an ce an sa dikoda, wa ya sa, kuma toshiyar asali tana nan? Ka ɗauka garanti ba zai biyo ka ba.

Sani_Ibadan:
Ni dai a ganina an tsananta lissafi. Shiga York da Shildon kyauta ne, kuma ribar waɗannan ƙananan jirage tana komawa wajen kula da manyan. Ko darajar ta faɗi, kuɗin bai tafi a banza ba. Ba don wannan tsari ba, da wuya wani kamfani ya yi kasadar ƙera Stirling Single ko D Class 737 da Dapol ta yi tare da shagon Rails of Sheffield.

Injiniya_Zariya:
Haka ne Malam Sani, amma wannan dalilin bayarwa ne, Dan_Loko kuwa dalilin saye ya tambaya. Ni inda na tsaya: jirgi tilo wanda ba shi da 'yan'uwa, a ba da kafin alƙalami. Wanda ajinsa ke da yawa, a jira bugun kasuwa, sai in fentin gidan tarihin ne takamaimai ake so.

Hajiya_Tarago:
Ko tilon ma, Injiniya, ni sai an nuna samfurin fenti nake ganin ya dace a biya. Kafin nan zane kake saye. Bugun farko shi ke fito da kurakuran da ake gyarawa a na biyu.

Malam_Sigina:
Amma Hajiya, sau da yawa adadin da za a ƙera daga yawan oda ake yanke shi, kuma littafin oda kan rufe kafin ko jim kaɗan bayan samfurin fenti. Mai jiran nan yana iya tarar da an rufe, musamman nau'in mai sauti.

Dan_Loko:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Zan rubuta musu in ji batun aikawa Kano da sharuɗɗan kafin alƙalami tukuna. Gwanin_Waya, wanda bai da kwanturolar DCC yanzu amma yana da niyya nan gaba, ya ɗauki mai sauti ya riƙa tafiyar da shi a DC kafin nan, ko akwai haɗari?

Gwanin_Waya:
Ba haɗari in kwanturolar mai santsin wuta ce kuma ba ta wuce bolt 12 da yawa ba. Auna ta da mita ba tare da jirgi a kan layi ba, don wasu tsofaffi suna haura abin da aka rubuta a jikinsu. Faɗa mana sunan wadda kake da ita da abin da mitar ta nuna.